Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ka Sayar Da Sa Ka Sayi Bindiga

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan makami suka zo. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye, domin irin wannan magana ba a son sunan mutum a jikinta.

Ta farko daga wani manomi take a yankin Tsanyawa, kusa da iyakar Katsina: "Malam, tun da ɓarayin daji suka fara shigo mana, barci ya gagara. Wani ya kawo mini tayin bindiga biyu, ɗaya mai baki biyu, ɗaya kuma irin wadda ake jan hannunta baya ta ɗora harsashi da kanta. Ya ce in biya, takarda kuma shi zai samo mini daga baya. Shanun huɗa biyu gare ni, ina so in sayar da ɗaya. Wacce zan ɗauka?"

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Malam. Amsata ita ce kada ka ɗauki ko ɗaya, kuma ka bar sanka a turke.

Dokar da ke kula da bindigogi a Najeriya tsohuwa ce, tun 1959 aka yi ta, kuma ta Tarayya ce, ba ta jiha ba. Kashi uku ta raba bindiga. Kashin farko shi ne haramtattu: bindigogin soja irin su AK-47, masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin aljihu. Waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, wato dai a aikace ba na talaka ba ne. Kashi na biyu shi ne bindigar da mutum zai iya mallaka don kansa, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da ake karyawa a zura harsashi da hannu, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne bindigar toka, adaka ko harba-ka-ruga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita maganarta tana wurin Kwamishinan 'yan sandan jiha.

To, waccan da ake jan hannunta ta ɗora harsashi, a nan mutane da yawa ke ruftawa. Ganin harsashinta iri ɗaya ne da na mai baki biyu, sai a ɗauka gidansu ɗaya. Doka kuwa ta cire duk bindigar da ke da na'urar ɗora harsashi daga kashi na biyu, abin da ya jefa ta cikin haramtattu. A 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a, kuma ita tana cikin waɗanda aka lissafa. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Mai baki biyun ma idan babu lasisi tana iya kai mutum shekara 5. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi. Kada wannan dubu ashirin ta ruɗe ka. Lokacin da aka rubuta ta kuɗi ne mai nauyin gaske, kuma zaɓi na alƙali ne, ba naka ba.

Maganar "takarda daga baya" ita ce ta fi tayar mini da hankali. Tsarin doka shi ne lasisi a gaba, bindiga a baya. Mai sayarwa ma dole ya zama dillali mai rajista, kuma ba a yarda ya miƙa bindiga ko harsashi ga wanda bai nuna lasisi ba. Ga shi kuma rundunar 'yan sanda ta daɗe da dakatar da ba da sabon lasisi. Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya faɗi haka a fili a 2023. A 2022 ma, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce takunkumin na nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Abin da gwamna bai iya ba, mai tayin nan naka ta ina zai iya? Takardar da zai kawo maka ta bogi ce, sai laifinka ya zama biyu. Kuma ba ka san tarihin bindigar ba. Idan an taɓa kashe rai da ita, ranar da aka same ta a ɗakinka kai za a tambaya, a yankin da jami'an tsaro ke neman masu kai wa ɓarayi makamai ruwa a jallo.

Na san abin da za ka ce: su ɓarayin wa ya ba su lasisi? Gaskiyarka. Wannan ƙorafi manya ma sun yi shi. Janar T.Y. Danjuma ya sha kira ga jama'a su tashi su kare kansu, a 2018 da kuma 2025, shi kuma Gwamna Umar Namadi na Jigawa ya ce hakan rikici zai haifar. Ni dai ra'ayina shi ne dokar 1959 ba ta dace da halin da ƙauyukanmu ke ciki ba, ya kamata Majalisar Tarayya ta sake duba ta. Amma kotu da dokar da ke rubuce take aiki, ba da wadda muke fata ba. Ban da haka ma, bindiga ɗaya mai harsashi biyu a hannun mutum ɗaya, gaban babura ashirin, ba kariya ba ce. Sau da yawa ma ita ke jawo su, domin makami suke nema kamar yadda suke neman shanu.

Idan har za ka kashe kuɗi, kashe shi tare da jama'a. Ku zauna da mai unguwa da dagaci, a kai sunayen 'yan sintirinku ga baturen 'yan sandan yanki, a san su, a san abin da aka yarda su riƙe. Ku haɗa kuɗin fitilun sola a mashigar gari da katin waya ga masu gadin dare, ku kuma ƙulla da ƙauyukan da ke gabanku ta yadda labari zai riga babura isowa. Sa guda kuwa in ka sayar, da me za ka yi huɗar bana?

Tambaya ta biyu daga yankin Ringim: "Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce. Ya bar bindiga mai baki biyu da lasisinta. Da aka zo rabon gado aka yi mata kuɗi aka sa a kasona. Zan iya ci gaba da riƙe ta da takardarsa?"

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ba za ka iya ba. Lasisi na mutum ne, da sunansa aka bayar, ba a gadonsa. Doka ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal daga ranar rasuwa ya riƙe bindigar, kai kuwa ka wuce wannan wa'adi tuntuni. Kada ka ɗauke ta ka hau babur zuwa caji ofis kai kaɗai, domin shingen farko da za a tare ka bayaninka ba zai shiga ba. Ka fara zuwa hannu sake, da lasisin da shaidar rasuwa, tare da mai unguwa ko wani dattijo da aka sani, ka sanar, su faɗa maka yadda za a kai ta ma'ajiyar makamai. Ka karɓi takardar shaidar ajiya mai ɗauke da lambar bindigar, ka adana.

Sai kuma abin da ba ka tambaya ba. An ƙiyasta maka kuɗin abin da ba ka da ikon amfani da shi, ba ka kuma da ikon sayar wa kowa sai mai lasisi. Ina ganin ka koma wurin malamin da ya raba gadon, kai da 'yan'uwanka, a cire bindigar daga kasonka a sake lissafi, ta zama ta magada duka har ranar da aka san makomarta. Gara a yi maganar yanzu da zukata ke da taushi.

Ta uku daga wani maharbi a yankin Bunkure: "Duk rani mukan tafi farauta Kudu. Ina da lasisin bindigar toka da katin ƙungiyar mafarauta. Bayan abin da ya faru a Uromi, yaya za mu riƙa tafiya?"

Kai ka fi ni sanin zafin wannan lamari. A ƙarshen Maris 2025, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su dawo gida yin sallah aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe su. Da yawansu 'yan Torankawa ne, nan ƙasarku. Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka aikata wannan ba doka suka bi ba, kuma babu takardar da ke tsayar da taron da ya fusata. Shi ya sa shawarata ta farko ba ta takarda ba ce: in da hali, kada bindiga ta bi ku hanya.

In kuwa dole ne, ka san cewa lasisin bindigar toka na kwamishinan jiharka ne, kada ka ɗauka kowace jiha za ta karɓe shi haka nan. Abuja ma dokar ta ware ta, ta ce bindigar toka a can sai da lasisin Sufeto Janar. Katin ƙungiya kuwa shaida ce ta sana'a, ba lasisi ba ne. Kafin ku tashi, shugabannin ƙungiyarku su samo takarda daga rundunar 'yan sandan Kano mai ɗauke da sunayenku da yawan bindigogi da inda za ku, su kuma tuntuɓi ta jihar da za ku sauka. Da kun isa, Sarkin Hausawan garin ya gabatar da ku ga 'yan sanda da masu gari kafin ku shiga daji. A hanya bindiga ta kasance ba ɗuri, a naɗe, albarushi a wani wuri daban, kuma direba ya san abin da ya ɗauko. A shinge ku riga jami'i faɗa, kada ku bari shi ya gano. Hawa bayan babbar mota da karnuka da bindigogi a fili, ta garuruwan da ba a jin Hausa kuma ake fama da satar mutane, wannan ku daina shi ko da ya fi arha.

Ta huɗu gajera ce, daga Gumel: "An ce a tsallaken Maigatari bindiga ta fi sauƙi. In kuma ba haka ba, akwai maƙeri a garinmu."

Wanda ya tsallako da bindiga daga Nijar ya tashi daga mai mallaka ba lasisi ya koma mai fasa-ƙwaurin makamai, kuma kwastan da soja ne za su karɓe shi. Maƙeri kuma, ko bindigar toka ce sai da izinin Sufeto Janar da amincewar gwamna zai ƙera ko ya gyara. Ka tambaye shi takardarsa. In ya fara kame-kame, ka sayi fartanya ka yi gaba.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah a yankin Kazaure: "Maigidana ba shi da bindiga, amma da adda da gora yake kwana saboda ɓarayin awaki. Ya rantse duk wanda ya kama sai ya sare shi. Ina jin tsoro. Doka ta yarda?"

Hajiya, tsoronki yana kan hanya. Adda da gora a gida ko a gona ba su buƙatar lasisi, kayan aiki ne. Laifi yana farawa idan aka ɗauke su zuwa taron siyasa ko zanga-zanga, ko aka yi wa wani barazana da su. Kare kai kuma halal ne: sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya amince da shi, haka ma dokar Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960. Sai dai da iyaka. Ƙarfin da mutum zai yi amfani da shi kada ya wuce abin da ake buƙata don kawar da haɗarin, kuma da zarar haɗarin ya wuce, 'yancin ya ƙare. Ɓarawon da ya fuskanto shi da wuƙa daban, wanda ya saki akuya ya juya da gudu daban, wanda aka riga aka kama aka ɗaure kuma taɓa shi laifi ne.

Ki ba shi labarin Sunday Jackson, manomin nan na Adamawa. Wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi ya mutu. Kotu ta ce tun da ya ƙwace makamin yana da damar gudu, ta yanke masa hukuncin kisa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, ko da yake alƙaliya ɗaya ta saɓa wa sauran. Sai daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare. Wannan mutumin da aka fara sara ke nan, balle wanda ya sari ɓarawon akuya yana gudu, bayan unguwa duk ta ji rantsuwar da ya yi.

Kada ki tunkare shi da maganar da dare yana riƙe da addar. Ki samu yayansa ko limamin unguwa su zaunar da shi da rana. In ya kama ɓarawo, ya yi kururuwa maƙwabta su fito, a riƙe shi ba duka, a kira mai unguwa, a miƙa shi ga 'yan sanda tare da akuyar da shaidu biyu. Garken kuma a matso da shi cikin gida, a sa masa ƙofa mai kwaɗo.