Tambayoyinku Kan Ɗaukar Hoton Wata da Taurari

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk daga Zariya da kewayenta suka zo, kuma kukan ɗaya ne: an sayi madubin hangen nesa, ido ya ga abin mamaki, amma hoton ya ƙi fitowa. Mun zaɓi shida.

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Madubina faɗin bakinsa milimita 70 ne, tsawon fokas ɗinsa 900. Da ido ina ganin ramukan wata tar, amma in na kara waya sai ya fito fari fat kamar faranti. Ina matsalar?

Ɗan'uwa, wayarka ce ke ganin duhun da ya kewaye watan, sai ta ɗauka wurin ba haske, ta buɗe idonta fiye da kima. Shi kuwa wata dutse ne da rana ke haskawa, don haka saitin rana yake so. Shiga sashen da ake saita kyamarar waya da hannu, ka sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a kan 100, saurin ɗauka tsakanin 1/125 da 1/250 na sakan. In wayar ba ta da wannan sashe, taɓa watan a fuskar wayar ka ja hasken ƙasa har ramukan su bayyana. Sa gilashin ido mai milimita 25, wanda zai ba ka girma ninki 36, wato 900 a raba da 25. Kada ka riƙe wayar da hannu. Akwai maƙalar da ke ɗaure ta a bakin gilashin, sannan ka sa jinkirin sakan 3 don girgizar yatsa ta lafa. Ka kuma daina jiran daren sha huɗu. A daren nan rana na dukan watan gaba da gaba, babu inuwa, ramukan sai su baje. Daren biyar zuwa goma ya fi, ka nufi iyakar haske da duhu. In kwalin madubin ya yi maka alkawarin girma ninki ɗari biyar, kada ka kula shi: iyakar mai amfani kusan ninki biyu ne na faɗin baki, naka 140 ke nan.

Tambaya daga wani mai hoto a Tudun Wada: Na ɗora kyamara a kan ƙafa uku, na bar ta a buɗe sakan 30, taurarin suka fito ja-ja kamar ƙwayar shinkafa. Kyamarar ce ta lalace?

Malam, kyamararka lafiyarta ƙalau. Duniya ce ke juyawa, digiri 15 a kowace awa, kuma kyamara ba ta yafe wannan. Masu sana'ar na da lissafin gaggawa: raba 500 da tsawon fokas na gilashinka. In kyamarar mai ƙaramar sensa ce, wato farantin da ke kama haske a cikinta, fara ninka tsawon da 1.5. Gilashi mai milimita 18 zai koma 27, ya ba ka sakan 18 kafin taurari su fara jan layi. Mai 50 kuwa bai kai sakan 7 ba. A madubi mai 900 ko rabin sakan ba ka da shi. A ganinmu ma 500 ta yi yawa ga kyamarorin yanzu, gara 300, musamman a nan, domin taurarin da ke bi ta tsakar kanmu a Zariya su ne na kusa da layin da ya raba sama gida biyu, arewa da kudu, su ne kuma suka fi sauri.

Maganin gaskiya shi ne mazauni mai mota da ke juya kyamara yana bin taurari. Duk wanda kuɗinsa ba su isa duka biyu ba, ya sayi mazaunin kirki ya ɗora masa gilashin kyamara mai milimita 135 ko 200, babban madubi ya jira. Madubi mai tsada a kan mazauni mai rawa asarar kuɗi ne.

Sai dai mazaunin ba ya aiki har sai an saita sandar juyinsa ta kalli ƙusar sama ta arewa, wato wurin da ake ganin duk taurari na kewayawa, kuma nan ne mutanen Zariya ke shan wuya. Garin na kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka Tauraron Arewa digiri 11 kawai yake sama da ƙasa, kusan faɗin dunƙulen hannu in ka miƙe shi. Katanga, darbejiya ko hazo duk suna iya rufe shi. Ga shi kuma ba a kan ƙusar yake daidai ba, ya kauce da kusan kashi biyu cikin uku na digiri. Wasu mazaunan an ƙera su ne don ƙasashen da ke can arewa, in ka kwantar da su zuwa 11 sai ƙarfen da ke daidaita nauyin madubi ya riƙa bugun ƙafa. Duba wannan kafin ka biya kuɗi. In ka riga ka saya, juya kan mazaunin yadda ƙarfen zai faɗa tsakanin ƙafafu biyu, ko ka ƙara masa wuya.

In tauraron ya ɓuya, fara da rana. Rataya igiya mai dutse a inda za ka kafa kaya, a lokacin zawali, sa'ad da inuwa ta fi gajarta, ka ja layi a kan inuwar: wannan layin kudu da arewa ne na gaskiya. Da dare ka bi layin, ka sa ma'aunin mazauni a kan 11, ka kunna mota. Nemi tauraro a tsakar sama ɗan kudu da kanka, ka zuba masa ido minti biyar. In ya zame kudu, sandar ta yi gabas da yawa. In ya zame arewa, ta yi yamma. Gyara, sake dubawa. Sannan koma kan tauraron da ke gabas, kamar digiri 20 daga ƙasa. Zamewa kudu na nufin sandar ta yi ƙasa, arewa kuma ta yi sama. Don gane ina ne arewa a cikin gilashi, ɗan tura bakin madubin wajen arewa, gefen da sabbin taurari ke shigowa shi ne. Aikin kan ci rabin awa a farko. In ka samu daidai, ɗiga fenti a gurbin ƙafafun uku, gobe ba sai ka fara daga tushe ba.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Wusasa: Na zaci hunturu ne lokacin da ya fi, tunda babu gajimare, amma hotunana sun fito jaja-jaja ba taurari sosai.

Malama, rashin hadari daban, tsabtar sama daban. Iskar hunturu na ɗebo ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙurar kuma tana shanye hasken taurari tana maido da na fitilun gari. Kwanakin da suka fi su ne na bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sai kuma daren da sama ta washe bayan an yi ruwa da damina. Gwajin mai sauƙi ne: da la'asar ki dubi dutsen Kufena, tunda yana kusa da ke, ki kuma tare rana da tafin hannu. In gefen hannun shuɗi ne, ki shirya kaya. In fari ne fat, ki tsaya kan wata da duniyar Mushtari (Jupiter), su hazo kaɗan bai cika damunsu ba.

Kowane lokaci da abinsa. Kaza da 'ya'yanta da gajimaren Oriyon na kaka da hunturu ne, kuma suna hawa sama sosai, inda ƙura ta fi ƙaranci. Tsakiyar farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi tana kai digiri 50 a kudu tsakanin Afrilu da Satumba. A Afrilu da Mayu akwai dunƙulen taurari na Omega Sentauri, da ke kai digiri 31 a nan, wanda mutanen Ingila ba sa ganinsa sam. Ki zaɓi kwanakin duhun wata. Da damina raɓa kan rufe gilashi cikin awa guda. Ɗamarar ɗumi da ke aiki da batirin cajin waya tana maganinta. Ƙura kuwa a hure ta da robar hura iska, kada a goge da tsumma, yashi ne, yana kartar gilashi. In za a fita bayan gari wajen Shika, a tafi a rukuni, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri.

Tambaya daga Sabon Gari: Na sayi zoben T na haɗa kyamara da madubina samfurin Niyuton, na murɗa har ƙarshe, hoton bai washe ba.

Wannan sananniyar matsala ce. Sensar kyamara na zaune milimita 55 bayan bakin zoben, maƙogwaron saitin kuma bai da sauran hanyar shiga ciki. Sa gilashin Barlow mai ninki biyu, zai turo wurin fokas waje. Illarsa ita ce f/5 ya koma f/10, wato hasken hoton ya ragu, lokacin ɗauka ya ninka huɗu, don haka ya dace da wata da Mushtari da Zuhal (Saturn), bai dace da abubuwa masu dushewa ba. Kyamara marar madubin ciki ta fi sauƙin kaiwa, in an samu gajeren zobe. Ga Mushtari, bidiyo ake ɗauka na minti biyu, kada a zarce, don yana kammala juyinsa cikin ƙasa da awa goma. Manhajar AutoStakkert sai ta tsince kashi 20 cikin ɗari mafi kyau na hotunan da ke cikin bidiyon ta haɗa.

Tambaya daga Kongo: Hotunana cike suke da tsaki-tsaki masu launi.

Zafi ne da ƙarancin haske. Tsakin da sensa ke haifarwa da kanta na ninkawa duk ƙarin zafin digiri shida ko makamancin haka, shi ya sa na Maris da Afrilu ya fi muni. Hoto ɗaya ba ya isa. Ɗauki 60 na sakan 30 zuwa 60 a ISO 800 ko 1600, a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Hoto 16 in an haɗa su wuri ɗaya na gyara tsabtar ninki huɗu, 64 ninki takwas. Kafin ka tattara kaya, rufe bakin madubi ka ɗauki 20 na duhu da saiti ɗaya, a zafi ɗaya, da su ake cire tsakin sensa. Da asuba ɗaure farin ƙyalle a bakin, ba tare da ka taɓa fokas ko juya kyamara ba, ka ɗauki wasu 20, su ne ke cire tabon ƙura da duhun kusurwa. Siril ko DeepSkyStacker za su haɗa maka, duka kyauta ne. A gajimaren Oriyon ƙara 20 na sakan 5, in ba haka ba tsakiyarsa ta ƙone.

Tambaya daga wani dattijo a Kwarbai: Ana iya ɗaukar jinjirin wata a daren tsayuwarsa?

Ana iya, Baba, amma da sharaɗi ɗaya da ba a sassauta shi: kada a buɗe bakin madubi sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Kallonta ta madubi ko na ƙiftawar ido yana makantarwa har abada, yana kuma ƙona sensa. A nemi wurin da yamma take a buɗe, a duba manhajar Stellarium don sanin tsayin watan da gefen da yake daga mafaɗar rana. In tazararsa da rana ba ta kai digiri 7 ba, ido ba zai gan shi ba. A fara lalube da madubin hannu mai ido biyu minti 15 bayan faɗuwar rana. Fokas kan wahalar, tunda ba abin kamawa, don haka a saita shi a kan Zara in tana nan, ko a kan tauraro tun daren jiya a manne shi da salatif. Gilashi mai milimita 200 zuwa 300, ISO 400, a gwada daga 1/60 har zuwa sakan ɗaya, ana ƙarawa yayin da duhu ke shiga. A daidaita agogon kyamara, a rubuta wurin da aka tsaya. Sanar da tsayuwar wata hurumin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne, don haka wanda ya samu hoton ya kai shi ga hakimi ko limamin unguwarsa kafin ya sa a Facebook.