Inna ta rasu, ga hutun ƙarshen shekara ya matso: laifi ne in ji daɗin hidima?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Mahaifiyarmu ta rasu a farkon daminar bana. Kowace shekara idan kaka ta ƙare, sanyi ya fara sauka, Inna ce ke shirya gida saboda ƙannena da ke zuwa hutun Disamba da 'ya'yansu daga Kano da Abuja. Bana aikin ya dawo kaina, don ni ce babba. Na shanya kuɓewa, na sayo zoɓo da gyaɗa, na wanke barguna. Abin da ke damuna shi ne ina jin daɗin hidimar, har na ji ni ina ta dariya da yara a bakin murhu, daga baya kuma in ji kamar na ci amanarta. Shekaranjiya na buɗe robar yajinta, ƙamshin ya buge ni, na zauna ina kuka har la'asar. Gwaggonmu ta ce kuka yana azabtar da mamaci, ƙanwar Inna kuma ta ce na yi saurin mantawa. Ina zan sa kaina? Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

'Yar'uwa, ba ki ci amanar kowa ba. Dariyar bakin murhu da kukan robar yaji duk na zuciya ɗaya ne, kuma haka jimami yake tafiya a wurin mai lafiya. A shekarar 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka bayyana cewa wanda aka yi wa rasuwa kai-komo yake yi tsakanin hali biyu. Wani lokaci hankalinsa yana kan wanda ya rasa, yana tunani yana kuka. Wani lokaci kuma yana kan rayuwar da aka bar masa: cefane, yara, sabon nauyin da ya hau kansa. Wannan kai-komon shi ne ke ba zuciya damar ɗaukar abin da kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi ba mu tsoro a wannan aiki shi ne wanda ya maƙale a gefe guda, ko dai kuka dare da rana ba ya iya komai, ko aiki ba hutawa don kada ya zauna ya tuna. Ke kina zuwa kina dawowa, kuma abin da ake so ke nan.

Batun yaji kuwa yana da dalili a jiki. Saƙon da hanci ke ɗauka yana isa kai tsaye ga sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe da tunawa da motsin rai, ba ya ya da zango a inda saƙon ido da na kunne ke fara tsayawa. Shi ya sa za ki iya kallon hotonta ki daure, amma ƙamshin citta da kanumfari da masoro a ma'aunin hannunta ya zaunar da ke. Wannan lokaci na shekara kuwa cike yake da irin waɗannan: hayaƙin kara da asuba, kunun gyaɗa, turaren wuta a cikin bargo, man kaɗanya da ake shafa wa yara saboda faso. Ki sa rai zai sake faruwa kafin hutun ya ƙare. Idan ya zo, ki sauke tukunya, ki zauna, ki yi mata addu'a, ki tashi idan ya lafa.

Maganar Gwaggo tana da asali, sai dai an faɗaɗa ta fiye da inda ta tsaya. Akwai hadisin da ke cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, amma malamai da yawa sun fassara wannan kukan da kururuwa da yage tufa da marin fuska. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kafa hujja a kan wannan batu da ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ya kuma ziyarci kabarin mahaifiyarsa, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi. Ta ɗaya gefen kuma, shari'a ta taƙaita zaman makoki ga kwana uku, in ban da matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. Babu inda aka ɗora wa 'ya ta ƙaurace wa fara'a wata da watanni don a shaida tana son uwarta.

Ƙanwar Inna kuwa, ina roƙonki kada ki riƙe ta a rai. A ganina tsoro ne ke magana a bakinta: ta ga gida yana tafiya ba yayarta, tana jin kamar za a shafe ta. Ki je har ɗakinta da robar nan, ki ce, “Iya, yajin Inna ya kusa ƙarewa, ki zo ki nuna mini yadda take haɗa shi.” Ku daka tare. Za ki samu ma'aunin, ita kuma za ta samu wurin da za ta yi ta ba da labarin yayarta ba wanda ya ce mata ta yi shiru.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ki ɗauka. Ki ba Inna wuri a cikin hidimar da gangan, kada ki bari tunaninta ya riƙa faɗo muku ba shiri. Annabi (SAW) ya kasance idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Sa'adu ɗan Ubada ya tambaye shi sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya. A cikin Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. To, Inna tana da mutanenta, kin kuma san su: tsohuwar da take aika wa tuwo, maƙwabciyar da take auna wa sabuwar dawa duk kaka, almajirin da ke mata ɗiban ruwa. Da sanyin nan, bargo ɗaya ko rigar sanyi ga yaron nan sadaka ce da za ki ga amfaninta da idonki. Ki sa jikokinta su kai da hannunsu, su ce daga gidan Inna ne.

Kafin ƙannenki su taso, ki kira su ki faɗa musu gaskiya cewa ba za ki iya duk abin da Inna take yi ba. Ta shekara da shekaru tana gogewa a kai, ke bana kika fara. A raba aiki, abin da ya gagara a bar shi. Ku kuma tsayar da lokaci guda, misali daren farko bayan isha'i, ku yi mata addu'a tare, kowa ya ambace ta da bakinsa. Idan ba a yi haka ba, sai kowa ya riƙa kauce wa sunanta don kada ya sa wani kuka, yara kuma su ɗauka ambatonta laifi ne. In Baba yana raye, a jawo shi cikin hirar, don maza kan haɗiye nasu a zaure.

Akwai inda jimami ke buƙatar likita. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ambaci jimamin da ya zarce ƙima: ya haura aƙalla wata shida, ya wuce abin da al'ada da addinin mutum suka saba, yana kuma hana shi gudanar da rayuwarsa. Abin da kika rubuto bai yi kama da wannan ba. Amma idan barci ya ƙaurace miki makonni, abinci ya fita ranki, kika kasa kula da yara, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitin Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano. Idan kuwa tunanin kashe kanki don ki bi Inna ya taɓa zo miki, ki faɗa wa wani a ranar, a kai ki asibiti ba jira.

Ranar da za ki fi shirya wa ita ce ranar da baƙi za su watse a farkon Janairu, an koma makaranta, an naɗe tabarmi. Mutane da yawa sun fi jin rashin a wannan rana fiye da lokacin taron. Tun yanzu ki roƙi Iya ta kwana biyu a wurinki bayan tafiyarsu, ki kuma ajiye wani aikin, kamar gyaran rumbu ko sussukar wake, da za ku yi tare a makon.