Fansa: Ɗauka Ake Yi Ko Biya?

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan ta aiko da tambaya: "Malam, a coci muna kiran Yesu Mai Fansa. Amma kullum a rediyo sai in ji kuɗin fansa, sai in ji ɗaukar fansa. Yaya kalma ɗaya ta zama ta masu garkuwa da mutane, ta masu ramuwar gayya, kuma ta Ubangiji? Ko dai masu fassara ne suka yi tuntuɓe?"

'Yar'uwa, ba su yi tuntuɓe ba. Zamani ne ya shafa wa kalmar baƙin jini. Asalin fansa a bakin Bahaushe ita ce a ba da wani abu domin a karɓo wani abu ko wani mutum da ya faɗa hannun wani. A zamanin bauta, idan an kama mutum a yaƙi, danginsa kan tara dukiya su je su fanso shi. Bawa ma yakan nemi ubangidansa ya yanka masa murgu, wato ya riƙa biyan wani abu a kai a kai yana neman na kansa, in ya tara abin da ya isa sai ya fanshi kansa ya zama ɗa. Kalmar tana da wata martaba da matasa suka fara mantawa. Dattawa ba sa cewa sun sayi Alƙur'ani, sai dai su ce sun fanshe shi, don abu mai tsarki ya fi ƙarfin ciniki.

To, ki lura da aikatau ɗin da ke rakiyar kalmar, domin a nan maganar take. Wanda aka yi wa laifi ya rama, ɗaukar fansa ya yi. Wanda ya kuɓutar da kamamme, biyan fansa ya yi, ko ba da ita. Ta farko jinin wani take nema, ta biyu daga aljihun mai yi take fita. Na sha jin masu wa'azi suna garwaya su, har na taɓa jin wani ya ce Yesu ya ɗaukar mana fansa. Niyyarsa mai kyau ce, amma abin da Hausa ta ji shi ne Yesu ya je ya rama mana a kan wani.

A Markus 10:45, Yesu ya ce Ɗan Mutum bai zo domin a yi masa hidima ba, ya zo ne ya yi hidima, ya kuma ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Kalmar Helenanci da ke wurin ita ce lutron, kuɗin da ake biya a 'yanta bawa ko fursunan yaƙi. Kin ga ke nan Hausa ta riga ta tanadi kalmar da ta dace tun kafin masu fassara su iso. Aikin fassarar kuwa ya ɗauki lokaci: Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma bai fito ba sai 1932, bayan doguwar wahalar irin su Dakta Miller, ɗan mishan na Zariya. Musulmi ma da wannan kalma suke fassara ayar Suratus Saffat inda aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da abin yanka mai girma, kamar yadda Farawa sura 22 ta ba da labarin ragon da ya maye gurbin Ishaku. Inda aka rabu sananne ne: Musulunci ya ce ba a gicciye Annabi Isa ba, Kiristanci kuma a kan gicciyen ya kafa ginshiƙinsa.

Akwai tambayar da ba ki yi ba, amma Bahaushen yau zai yi ta: wa aka biya? Malaman ikilisiya na farko irin su Orijin sun ce Shaiɗan ne, tunda a hannunsa mutum yake. A ƙarshen ƙarni na 11 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya ƙi wannan. Ya ce Shaiɗan ba ya bin kowa bashi, haƙƙin Allah ne aka tauye, shi ya kamata a cika wa. Ni dai a matsayina na mai bin sawun kalmomi, ina ganin mai wa'azin da ya ja misalin fansa har ya kai ga ciniki da 'yan bindiga a daji ya wuce gona da iri. Ayar ta faɗi abin da aka bayar da waɗanda aka bayar dominsu, ta yi shiru a kan mai karɓa.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibin makarantar tauhidi ce a Jos. Yana neman karin maganar da za ta bayyana sarkin da ya sha wuya saboda talakawansa, ya kuma ce ko "bayan wuya sai daɗi" ta yi.

Ɗana, ba ta yi ba. Wannan ta manomi ce da ɗan kasuwa, wanda ya sha wuya shi zai sha daɗin. Abin da Ishaya sura 53 ke faɗa dabam ne: wani ya sha duka, waɗansu suka warke. Wadda ta fi kusa ita ce "babba juji ne", kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubarwa. Bahaushe ya san girma ya haɗa da haɗiye zagi da ɗaukar laifin da ba kai ka yi ba. Maigida yakan biya tarar ɓarnar da ɗansa ya yi, mai unguwa yakan sha faɗan hakimi saboda rigimar da bai san farkonta ba. Kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san jujin nan shi ake kwashewa a kai gona ya zama taki. Sai dai ka yi hattara, karin maganar rabin hanya take kai ka. Juji ba ya zaɓa, zuba masa ake yi. A Yahaya 10:18 kuwa Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi ne yake ba da shi don kansa.

In kana son ka taɓa zuciyar masu sauraronka, ka yi aiki da abin da suka sani na sarauta. Sarki a wurinmu doki ne da lifidi, algaita da tambari, dogarai suna gyara kintsi. Labarin Bishara ya bi waɗannan alamu ɗaya bayan ɗaya ya kifar da su. Yesu ya shiga Urushalima a kan jaki, kamar yadda Zakariya 9:9 ta faɗa. Naɗinsa da ƙaya aka yi, wasu fassarori su ce kambi, wasu su ce rawani, kuma a kunnena rawanin ƙaya ya fi ciwo, don mun san abin da rawani yake nufi. Sojoji suka yafa masa alkyabba suna durƙusa masa cikin ba'a. Bilatus ya sa aka rubuta "Yesu Banazare, Sarkin Yahudawa" da Ibrananci da Latinanci da Helenanci, aka kafa a bisa kansa. Ga kuma wadda na fi so: mu da "Zaki!" muke gaida sarki. A Wahayin Yahaya sura 5 an ce wa Yahaya ga Zakin kabilar Yahuza, da ya duba sai ya ga Ɗan Rago tsaye, kamar an yanka shi. Wannan hoton ba ya bukatar dogon sharhi a gaban Bahaushe. Ka kuma tuna abin da ke fitowa daga bakinmu idan tausayi ya kama mu: "Allah sarki!" Harshen ya daɗe da ajiye sarautar Allah da jinƙai a numfashi ɗaya.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani malamin firamare a Maraɗi: me ya sa Kirista ke cewa hadaya, ba sa cewa layya? Layya sunan yanka ɗaya ne takamaimai, na Babbar Sallah, mai lokacinsa da sharuɗɗansa. Hadaya ta fi faɗi. Daga Larabci take, alhazai ma da ita suke kiran dabbar da suke yankawa a aikin Hajji, shi ya sa ta iya ɗaukar hadayun ƙonawa da na zunubi da ke cikin Littafin Firistoci. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 10 ta ce hadayar Almasihu sau ɗaya aka miƙa ta, ba maimaici, layya kuwa duk shekara take dawowa. Kalmar gicciye da ka tambaya a ƙasan takardarka, malam, Hausa ce tsantsa, 'yar'uwar gitta da giciye, abin da ya kwanta a kan wani ya tare hanya. Itace biyu ne, ɗaya a tsaye, ɗaya ya gitta shi.