Shin kawo wuta ƙauye yana kawo arziki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin rani ne a yankin Auyo. Na ji a rediyo cewa ƙasar da ta fi shan lantarki da mai ita ta fi arziki. To idan aka jawo mana wuta, mun rabu da talauci ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe, amma da sauran bayani.

Ƙaƙƙarfan namiji da ya wuni da fartanya ko jigo, ƙarfin da jikinsa ke bayarwa bai wuce wat 75 ba. A awa 8 ya yi aikin kilowat-awa 0.6 ke nan (kilowat-awa 1 shi ne aikin wat 1,000 na tsawon awa ɗaya). Litar man dizal guda tana ɗauke da kusan kilowat-awa 10. Inji yana amfana da kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi, amma ko hakan ya kai aikin ƙato na kwana 5. Shi ya sa mai injin ban ruwa inci 3 ke shayar da kadadar da mai jigo ba zai ko tunkara ba. Ba ƙwazo ya fi shi ba.

Haka abin yake a matakin ƙasa. Rabon ɗan Najeriya na lantarki wajen kilowat-awa 150 ne a shekara, na Ba'amurke kuwa ya kai wajen 12,000. Mutum sama da miliyan 200 ne ke rabon megawat 4,000 zuwa 5,000 na babban layin ƙasa, kuma rashin wutar na cikin abin da ya durƙusar da masana'antun Sharaɗa da Bompai.

Sai dai wutar da ta ƙare a ƙwan fitila da cajin waya tana kawo sauƙin rayuwa ne, ba ta ƙara buhu ko ɗaya. Wadda ke kawo kuɗi ita ce wadda ta shiga injin casar shinkafa, injin niƙa, walda da ɗakin sanyi. Ka dubi Kura: ratar da ke tsakanin kuɗin shanshera da na gyararriyar shinkafa, mai inji ne ke kwashe ta. Ni a ganina, ƙauyen da aka kai wa wuta ba tare da jarin sayen inji ba, rabin aiki aka yi masa.

Idan wutar ta zo, a kula da ƙarfinta. Motar inji, wato abin da ke juya shi da lantarki, tana jan ninki 5 zuwa 7 na wutar da ta saba sha a lokacin tashi. Idan taransifoma ƙarama ce ko waya siririya, wuta za ta yi ƙasa, motar ta riƙa gurnani, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikinta, ya ƙone. Babban injin casa wuta mai layi uku yake so, ba layin gida ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, famfon sola ya fi dacewa da fadamarku. Famfo mai ƙarfin doki 1, wato wat 746, a ba shi farantan sola na wat 1,200 zuwa 1,500, a fuskantar da su kudu. Ba ya buƙatar batir tunda da rana ake ban ruwa, kuma batir ne ke fara mutuwa a kayan sola. A riƙa goge wa farantan ƙurar hunturu da sassafe, a kuma sa rariya a bakin tiyo, don yashi ne ke cinye farfelar famfo. Kafin ka saya, haɗa kuɗin man da ka ƙona a ranin bara ka gwada da farashinsa.