Tambaya da Amsa: Me ya kawo taken ƙasa a wasan gunduma da gunduma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Gusau. Na kalli ƙwallon gargajiyar mutanen Ailan a waya, wadda ake kamawa da hannu a kuma buga da ƙafa. Gundumomi biyu ne na ƙasa ɗaya ke karawa, amma sai da aka rera taken ƙasa kafin a take wasa. Mene ne dalili?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ai wasan da kishin ƙasa tare aka haife su. An kafa ƙungiyar da ke kula da shi, GAA, a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884, lokacin Ailan na hannun Turawan Ingila, don kada wasannin mai mulki su shafe na gida. Har yau dokar ƙungiyar ta tanadi a ɗaga tutar ƙasa a wurin wasa. In kuma za a buga take, 'yan wasa su tsaya ƙyam suna fuskantar tutar. Amshin waƙar kawai ake rerawa, da harshen Ailan, kuma tun 1926 take matsayin taken ƙasa. Inda ake samun matsala shi ne ƙarshenta: kafin baitin ƙarshe ya cika, 'yan kallo sun ɓarke da sowa, wasu 'yan wasan ma sun fara tsalle suna ɗumama jiki.

Akwai kuma jini a tarihin. Ranar 21 ga Nuwamba 1920 dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a filin Croke Park da ke Dublin ana cikin wasa, mutum 14 suka mutu, har da ɗan wasa Michael Hogan, wanda wani ɓangaren filin ke ɗauke da sunansa. Shi ya sa aka yi ta ɗar-ɗar a 2007, da za a buga taken Ingila a wannan fili kafin wasan zari-ruga. Aka buga lami lafiya, Ailan ta ci 43 da 13.

Inda gizo ke saƙar shi ne arewa. Gundumomi 32 ne a tsibirin Ailan, shida daga ciki a Arewacin Ailan suke, ƙarƙashin Birtaniya. Masu son zama da Birtaniya a can ba su ɗauki tutar da taken a matsayin nasu ba, da yawansu kan ƙaurace wa wasan. Abin mamaki, su ruwan lemon da ke jikin tutar ke wakilta, koren na masu kishin Ailan, farin tsakiya na sulhu.

In za ka zana wa ɗalibai tutar, Malam, tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, kore ne ke jikin sanda. Ka juya ta, ka koma tutar Kwadebuwa.