Ina so in bar jami'ar Damagaram in koma wata: dalilaina sun isa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga unguwar Garin Malam, na kammala shekarar farko a tsangayar kimiyya da fasaha ta Jami'ar André Salifou. Raina yana kan ilimin noma, shi ya sa nake son komawa Maradi. Akwai kuma darussa biyu da ban ci ba, ga abokaina na Yamai suna ta cewa in taho can, wai karatu ya fi daraja. Baba bai yarda ba. Me zan yi?

Amsa: Ɗana, dalilai uku ka kawo, amma ɗaya ne kawai zai iya tsayawa da ƙafarsa a gaban shugaban tsangaya, wato na ilimin noma. Jami'o'in Damagaram da Maradi da Tawa tare aka buɗe su a 2010, kuma kowace da fannin da ta fi ƙarfi a kai. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi tana da tsangaya guda ta ilimin noma da muhalli. Ɗalibin da ya ce yana so ya karanci irin hatsi da wake, ko ciwon shuka, ko farfaɗo da ƙasar da ta gaji, kuma ya nuna cewa can ne ake koyar da abin, ya faɗi maganar da malamai ke saurara. Na ji daɗin wannan buri naka ƙwarai, domin yankinmu na buƙatar masana noma 'yan gida, waɗanda suka san gonar tudu da ta fadama tun suna yara.

Darussa biyun da suka kayar da kai su ne abin da ya fi damuna. A tsarin LMD (lisans, masta, dakta) da jami'o'inmu ke bi, ana auna darussa da ma'aunin da ake kira kiredi: kowane zangon karatu kiredi 30 ne, shekara 60, lisans kuwa 180 cikin shekara uku. Sabuwar jami'a za ta ɗauki takardar makinka, wadda ɗalibai ke kira relebe, ta jera darussan da ka ci kusa da nata, ta duba suna da yawan awowi da abin da aka koyar. Wanda ya yi daidai a karɓa, wanda bai yi ba a ce ka sake. In ka je musu da giɓi, mafi yawan lokaci aji ɗaya za a maida kai. Kuma ka sani, kimiyyar sinadarai da lissafi da ilimin halittu suna nan suna jiranka a farkon karatun noma, ba a tsallake su. Saboda haka ka zauna jarrabawar gyara, ka cike kiredinka 60 a nan Damagaram, sannan ka ɗaga ƙafa. Ɗalibin da ya shiga ofis da shekara cikakkiya a hannu, maganarsa daban ce da ta mai ɗauke da bashin darasi.

Zancen Yamai gajere ne. Jami'ar Abdou Moumouni ita ce uwa, tun 1971 take, ita ma tana koyar da noma. Sai dai lisans ɗin jami'ar gwamnati lisans ne ko'ina aka same shi a Nijar, kuma tsakaninka da gida zai kai kusan kilomita 900, ga tsadar haya da ta abinci. Son zama kusa da abokai ba laifi ba ne, amma kada ya shiga takardar neman canjinka.

Kafin ka nemi takardar barin nan, ka fara samun amincewar Maradi a rubuce. Na sha ganin yaro ya janye sunansa da murna, ya isa ya tarar an rufe rajista ko gurbi ya cika, ya dawo ya zauna shekara guda a gida. Ka haɗa takardar bak, da relebe na zango biyu mai hatimi, da wasiƙa gajera zuwa ga shugaban tsangayar, ka je da kanka ofishin rajistar ɗalibai ka tambayi ranar rufewa. Tafiyar ba ta fi kilomita 240 ba ta Takeita da Tasawa. In kana karɓar bursu, ka tuntuɓi ANAB, hukumar da ke kula da bursun ɗalibai, tun yanzu, ka ji ko canza fanni ko maimaita aji zai taɓa kuɗinka. Ɗakin kwana da katin cin abinci ma ba sa bin ka, sabon nema za ka yi a can.

Baba kuwa ina ganin tsoron asarar shekara da ɗawainiya ne ya hana shi yarda, kuma yana da gaskiyarsa, tunda a nan tuwon gida kake ci. Kada ka tunkare shi da “ina so” kawai. Ka je masa da sakamakon jarrabawar gyara, da amsar Maradi, da lissafin abin da za ka ci a wata, da sunan ɗan'uwan da zai sauke ka. In har amsar ta zo cewa sai ka koma aji ɗaya, ka auna wata hanyar: ka ƙarasa lisans ɗinka na kimiyya a nan, ka nemi mastar a fannin noma, bayan ka tambayi tsangayar irin lisans ɗin da take karɓa.