Amsa ga Hajiya kan yarinyar da x ya tsaya mata a wuya

Hajiya, kin ce yarinyarki tana aji biyu na ƙaramar sakandare, a firamare lissafi ne abin da ta fi iyawa, amma tunda aka shigo da x da y makinta ke ta yin ƙasa, kina tunanin ɗaukar mata malamin lesin. Na daɗe ina koyar da lissafi a waɗannan azuzuwa, kuma shawarata ita ce ki dakata da maganar lesin tukuna, ki fara gano inda abin ya kwance mata.

Yau da daddare ki ce mata da Hausa: na sayi littafin rubutu uku da biro na ₦100, na biya ₦700, nawa kowane littafi? Ina kyautata zaton kafin ki rufe baki za ta ce ₦200. Ki tambaye ta yadda ta yi. Za ta ce ta cire kuɗin biro, saura ₦600, ta raba uku. To sai ki rubuta mata 3x + 100 = 700, ki nuna mata cewa wannan shi ne abin da ta warware yanzu da ka. Yara da yawa ba wanda ya taɓa gaya musu cewa x lamba ce kawai da ba a riga an sani ba, kuma 3x nufinsa x sau uku.

Abin da ya fi yi wa yaranmu illa shi ne haddar nan da ake ba su, wai idan lamba ta tsallaka alamar daidai sai alamarta ta canja. Ni ba na koyar da ita, kuma ina roƙon 'yan'uwana malamai su rage gaggawar ba da ita. Tana aiki a tarawa da ɗebewa, shi ya sa yaro ke yarda da ita. Ranar da ya tarar da 3x = 12 sai ya tsallakar da 3, ya rubuta 12 − 3, ya ce amsa 9. Wani kuma ya raba 12 da −3 ya samu −4. Na sha ganin waɗannan amsoshi biyu a takardun jarrabawa, har daga yara masu ƙoƙari, sun ja layi biyu a ƙarƙashin amsar suna murna.

Abin da nake nuna musu shi ne sikeli mai faranti biyu. Alamar daidai tana nufin ɓangarorin biyu nauyinsu ɗaya, don haka duk abin da aka yi wa dama dole a yi wa hagu. Ɗauki 5x − 2 = 2x + 10. A cire 2x daga kowane ɓangare, saura 3x − 2 = 10. A ƙara 2 nan da can, ya zama 3x = 12. A raba kowanne da 3, x = 4. Ki sa ta riƙa rubuta abin da ta yi a gefen kowane layi, ko da zai cinye mata shafi. Saurin zai zo da kansa.

Sannan kada ta tashi daga tambaya sai ta mayar da amsar cikin lissafin ta gani. A misalin nan, 5 sau 4 a cire 2 ya ba da 18, 2 sau 4 a ƙara 10 shi ma 18. Wanda ya samu 9 ɗazu, da ya gwada zai ga 27 ne ba 12 ba. Amfanin wannan a gare ki babba ne, Hajiya, domin ko kin manta lissafin sakandare za ki iya duba aikinta.

Wani lokacin kuma matsalar ba ta x ba ce sam, tsohon rami ne daga baya. Ki gwada ta da 5 − 8, da −3 − 4, da rabi a haɗa da kwata. In ta yi tuntuɓe a nan, to 2x + 9 = 3 ba zai taɓa fita ba, tunda sai an bi ta −6 kafin a kai ga −3. Ki ja mata layin lambobi a takarda, sifili a tsakiya, ta riƙa tafiya gaba da baya da yatsa har ya zauna.

Sai Turanci. Tambayoyin da ake rubutawa da zance sun fi kayar da yara, kuma galibi ba su gane abin da aka tambaya ba ne. A ce "5 less than x", wato lambar da ta gaza x da 5, sai su rubuta 5 − x maimakon x − 5, saboda 5 suka fara gani. Ki sa ta fara ba ki labarin tambayar da Hausa kafin ta taɓa biro. Wannan ba koma baya ba ne. Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin da ya kafa wannan fanni na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, da zance ya rubuta lissafinsa gaba ɗaya, babu x babu alama, kuma kaso mai yawa na misalansa rabon gado ne da wasiyya.

Kada dai a yi sakaci, domin a aji uku za a kawo mata lissafi biyu a haɗe ana neman x da y lokaci guda, ga jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare a ƙarshen shekarar, kuma duk a kan wannan aka ɗora su. Tambaya huɗu ko biyar kullum bayan Magariba sun fi talatin ranar Asabar. Idan bayan wata guda ba ki ga canji ba, ki nemo malamin, amma ki zauna a darasin farko. In kika ga shi ke riƙe da biro yana warwarewa ita tana kwafa, ki nemi wani. Allah ya yi mata albarka, ya buɗa mata.